Maigidana yana fama da kumburin fankiriyas mai yawan dawowa, me zan yi?

Tambaya: Likita, maigidana ɗan shekara 44 ne, kuma sau uku ke nan ana kwantar da shi a asibiti cikin shekara biyu saboda matsanancin ciwon ciki da amai. Da farko an ce olsa ce, daga baya aka ce kumburin fankiriyas ne. Ba ya shan giya, amma yana shan taba. Duk lokacin da muka je sai a ƙara masa ruwa, a yi masa allurar ciwo, idan ya samu sauƙi a sallame mu, bayan 'yan watanni kuma abin ya dawo. Dangi sun fara cewa sammu ne. Na rasa abin da zan dafa masa, kuma ni kaina na gaji. Ina neman shawara.

Amsa: Malama, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan jinya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninki shi ne ba ki ambaci an gaya muku musabbabin kumburin ba, alhali kumburin fankiriyas da ya dawo har sau uku da wuya a rasa abin da ke tayar da shi. Ƙarin ruwa da allurar ciwo su ne maganin da ya dace a lokacin da ciwon ya tashi, babu kuskure a cikinsu, amma idan a nan aka tsaya, tamkar ana kwashe ruwa ne daga ɗaki ba a gyara yoyon rufin ba. Saboda haka babban aikin da ke gabanki, wanda ya fi zaɓen abinci muhimmanci, shi ne ki tsaya tsayin daka har a binciko dalilin.

Fankiriyas wata tsoka ce mai tsawon kusan santimita 15 da ke kwance a bayan tumbi, kanta yana manne da farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma tana kaiwa kusa da saifa. Ayyukanta biyu ne: tana fitar da sinadaran da ke narkar da kitse da nama da sitaci, tana kuma samar da insulin mai daidaita sukarin jini. A ƙa'ida waɗannan sinadarai ba sa fara aiki sai sun isa cikin hanji. Idan wani abu ya sa suka fara aiki tun suna cikin fankiriyas, sai su shiga cin naman da ya samar da su, kuma daga nan ne ciwon nan yake fitowa, wanda ke kama saman cibiya ya soke har gadon baya, ya sa mutum ya kasa kwanciya rigingine sai dai ya zauna ya duƙa gaba yana rungume da cikinsa.

Ban yi mamakin jin an fara cewa olsa ce ba, domin a wajenmu kusan duk ciwon da ya kama saman ciki sunan da ake ba shi ke nan, tun daga kyamis har zuwa wasu ɗakunan duba marasa lafiya. Likitoci suna tabbatar da kumburin fankiriyas ne idan abu biyu cikin uku suka haɗu: irin ciwon da na bayyana, ko hauhawar lifez ko amilez (sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa) a jini har ninki uku na iyakar da aka sani, ko kuma hoton ciki ya nuna kumburin. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu ciwon suna warkewa cikin mako guda ba tare da wata babbar matsala ba. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin biyar abin yana dawo masa, kuma cikin waɗanda yake yawan dawo musu, kusan ɗaya cikin uku fankiriyas ɗinsa yana lalacewa sannu a hankali har ciwon ya zama na dindindin. Wannan ne ya sa ba na son a ɗauki kowace kwanciya a matsayin lamari mai zaman kansa.

Dalili na farko da ake nema shi ne tsakuwar matsarmama. Bututun da ke ɗauko ruwan matsarmama da na fankiriyas suna haɗuwa a ƙofa ɗaya kafin su zuba cikin hanji, don haka tsakuwa ƙarama, wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba, tana iya toshe ƙofar na 'yan sa'o'i, ta tayar da kumburi, sannan ta wuce abinta. Ƙananan tsakuwoyi sun fi manya haɗari a wannan fanni, kuma su ne suka fi wuyar gani. Sikanin ɗin da aka yi a ranar da ciwon ya tashi sau da yawa ba ya nuna komai, saboda iska ta cika hanji ta rufe wurin, shi ya sa ya kamata a sake shi bayan maigida ya samu sauƙi, da safe kafin ya ci komai. Idan har yanzu ba a ga komai ba, akwai hoton MRI na musamman da ke nuna bututan, akwai kuma sikanin da ake yi ta hanyar zura na'ura ta baki, ko da yake ba kowane asibiti ne ke da su ba. Idan aka samu tsakuwa ko ma laka-laka a matsarmama, maganin shi ne tiyatar cire matsarmamar, kuma jinkiri ba shi da amfani. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2015, ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa tiyatar kafin a sallame su kashi 5 cikin 100 ne suka sake samun matsala, cikin waɗanda aka ce su dawo bayan kusan wata guda kuwa kashi 17 ne. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba tare da matsarmama ba, domin hanta ce ke samar da ruwan, ita ma'ajiya ce kawai. Idan akwai sikila a jikin maigida, zargin tsakuwa yana ƙara ƙarfi, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jini yana haifar da ita tun da ƙuruciya.

Dalili na biyu da ake yawan mantawa shi ne wani nau'in kitsen jini da ake kira tiraigilisarayid. Idan ya haura 1,000 a ma'aunin miligiram yana iya tayar da kumburi, wani lokaci har jinin da aka ɗiba a kwalba ya yi fari-fari a sama kamar an zuba madara. Ya kamata a auna shi a ranar farko ta kwanciya, domin idan mutum ya yi kwana biyu ko uku ba ya cin abinci sai ya sauka, a ɗauka lafiya ƙalau yake. Ya fi samun masu ciwon sukari da ba a daidaita ba, da masu ƙiba, da waɗanda suka gada, kuma yana da magani: ƙwayar fenofaibiret, da rage zaƙi da lemon kwalba da mai, har a mayar da shi ƙasa da 500. A tare da shi a auna kalshiyam na jini, a kuma kai wa likita duk magungunan da maigida ke sha a cikin kwalayensu, domin wasu, kamar balfuro'et na farfaɗiya da azatiyofirin, an san suna haddasa wannan ciwo. Tsutsar ciki ma, irin doguwar nan, takan shiga bututun ta toshe shi, abin da ba baƙo ba ne a ƙasashe masu zafi.

Game da giya, na karɓi maganarki, amma zan ƙara abu biyu. Na ɗaya, da yawa daga cikin tsime-tsimen da ake sayarwa a kwalba ko a leda da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza, da barasa ake jiƙa su, kuma mai sha ba ya ɗaukar kansa mashayi. Na biyu, ki ba likita dama ya gana da maigida su biyu kawai, ba don ana zarginsa ba, sai don akwai abin da namiji ba zai faɗa a gaban iyalinsa ba, kuma haka muke yi wa kowa. Ga mai wannan ciwo, ko mene ne asalinsa, babu adadin barasa da za a ce ba shi da illa. Taba kuwa, wadda kika ambata a taƙaice, ni a wajena babbar magana ce. Ita kaɗai tana ƙara haɗarin dawowar kumburin, tana gaggauta lalacewar fankiriyas, tana kuma cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar wurin. Shisha ba ta fita daga wannan hukunci ba. Ragewa ba ta wadatar ba, dainawa ake so, kuma ya fi kyau ya ji wannan daga bakin likitansa a gabanki, don kada ta zama rigimar cikin gida.

Idan an bi duk waɗannan ba a samu komai ba, sauran dalilan na ƙwararru ne: bututun fankiriyas da aka haifi mutum da shi a rabe, garkuwar jiki da ke kai wa fankiriyas hari, ko gado, wanda ake zargi idan ciwon ya fara tun yarinta ko akwai masu irinsa a dangi. Tunda maigida ya haura shekara 40, ya dace a yi masa hoton CT mai kyau bayan kumburin ya kwanta, don a tabbatar babu wani ƙari da ke danne bututun. Ba don in tsorata ki na faɗi haka ba, galibi ba a samun komai, amma ba abin da ake barin sa a zato ba ne. Ki nemi takardar tura ku zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda za ku ga likitan cututtukan ciki da hanta da kuma likitan tiyata.

Akwai wani aiki da babu mai iya yin sa sai ke. Ki samu fayil guda ki tara duk takardun sallama da sakamakon gwaji da rahoton hotuna, ki kuma ɗauke su a waya, domin kati yakan ɓace, kuma likitan da kuka gani bara ba lallai ne shi za ku tarar bana ba. Ki haɗa da littafi ƙarami inda za ki riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, abin da ya ci kafin nan, maganin da ya sha, da nauyinsa sau ɗaya a wata. Mara lafiyar da ya zo da irin wannan fayil, a zama ɗaya ake fahimtar abin da za a shafe watanni ana lalube, kuma kuɗin maimaita gwaji yana raguwa. Fayil ɗin zai kare shi daga wani abu mai ciwo kuma: idan fankiriyas ya daɗe yana lalacewa, lifez da amilez ba sa hawa sosai ko da ciwon ya yi tsanani, sai wanda bai san tarihinsa ba ya ɗauka raki ne ko neman allura.

Ki san lokacin da ba a jira gari ya waye. Idan ciwon ya yi tsanani kuma maganin gida bai taɓa shi ba, ko amai ya hana ruwa zama, ko zazzaɓi ya shigo, ko idanu suka yi rawaya, ko numfashi ya yi sama-sama, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ya fara ruɗewa, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, to asibiti kai tsaye, kuma wanda ke da ɗakin gwaji da likita a cikin dare. Sa'o'in farko su ne masu muhimmanci, domin a nan ne ƙoda da huhu ke iya shiga matsala. Kada a kira mai allura ya ɗaura masa ruwa a gida, saboda ruwan ma da ƙa'idarsa, idan ya yi yawa a huhu yake taruwa. Kada kuma a matsa wa likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ba a ba da shi a wannan ciwo sai an ga alamar ƙwayar cuta ta shiga. Haka nan idan makonni huɗu ko fiye bayan sallama kika ga saman cikinsa ya kumbura, yana ƙoshi da loma kaɗan, ku koma a duba, domin ruwa yakan taru ya yi jaka a gefen fankiriyas.

Batun abinci ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane. A da ana hana mai ciwon ci na kwanaki da yawa, yanzu kuwa an gano cewa fara ci da wuri, da zarar amai ya tsaya, ya fi alheri. A makonnin farko bayan sallama ki rage mai sosai, ki raba abincin kashi biyar ko shida a yini maimakon manyan kwanuka biyu. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa mai ɗan mai kaɗan, faten tsaki, dafaffen wake, alala, kunun gero, kifi gasasshe ko dafaffe, kaza da aka cire fatarta, zogale, gwanda da ayaba, duk babu laifi. Abin da za ki nisantar da shi su ne soye-soye irin su ƙosai da fanke da awara da soyayyen nama, da man shanu a kan tuwo, da farfesun kayan ciki, da balangu mai kitse, da miyar da man ja ke yawo a samanta. Hanya mafi sauƙi ita ce ki riƙa auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, ki kuma yi wa gidan duka girki ɗaya, domin namijin da aka ware masa kwano shi kaɗai yana ganin yara na cin soyayye ba ya daɗewa bai karya doka a waje ba. Amma kada ki wuce gona da iri. Na fi ganin waɗanda tsoron abinci ya ramar da su fiye da waɗanda cokalin mai ya kwantar, kuma ga wanda ciwonsa ya zama na dindindin, hana mai gaba ɗaya yunwa ce kawai yake ƙarawa.

Abin da za ki sa wa ido shi ne alamar fankiriyas ya fara gazawa. Idan yana ramewa alhali yana ci, kuma bayan gidansa ya zama mai yawa, mai maiƙo, fari-fari, mai wari fiye da kima, yana yawo a saman ruwa yana wuyar wankewa, to kitse ne ke wucewa bai narke ba, kuma tare da shi bitamin A da D da E da K suke tafiya, har ƙashi ya yi rauni. Maganin shi ne ƙwayoyin sinadaran narkar da abinci, irin su Creon, waɗanda ake haɗiya tare da lomar farko, ba kafin ci da awa guda ko bayan an gama ba. Babban mutum yakan fara da kimanin 40,000 zuwa 50,000 na ma'aunin lifez a babban abinci, da rabin haka a ƙaramin ci, kuma yawancin waɗanda ke cewa maganin bai yi musu aiki ba, kaɗan suke sha ko kuma ba a kan lokaci ba. Gara ki ji daga bakina cewa daga jikin alade ake samo waɗannan sinadarai, kuma babu wani madadi mai ƙarfinsu a kasuwa. Malamai da dama sun halatta irin wannan bisa lalura, amma ku tambayi malamin da kuka amince da shi tun kafin a saya, don kada a kashe kuɗi sannan a ajiye maganin a bayan gado. Sukarin jini ma a riƙa auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ciwon sukarin da ke biyo lalacewar fankiriyas yana da saurin sa sukarin jini ya faɗi ƙasa, kuma yana buƙatar kulawa ta daban.

Maganin ciwo wuri ne mai santsi. Farasitamol ne matakin farko. Ibufurofen da dikulofenak suna taimakawa na ɗan lokaci, amma yawan shan su yana jawo olsar gaske ya kuma taɓa ƙoda. Taramol da makamantansa suna da gurbinsu idan likita guda ne ke rubutawa yana bibiya, akwai kuma firigabalin da ke rage ciwon da ya samo asali daga jijiyoyi. Abin da nake roƙon ki da shi shi ne kada allurar ciwo ta fentazosin ta shigo gidanki, ko da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ne ya ce zai riƙa yi masa don sauƙaƙa muku zirga-zirga. Jiki yana saurin sabawa da ita, wurin allurar yana zama gyambo, kuma a ƙarshe za ku koma jinyar cuta biyu.

Azumi kuwa, a zauna da likita tun a watan Sha'aban. Wanda bai daɗe da tashi daga ciwon ba, ko yake ramewa, ko yake allurar insulin, yana cikin waɗanda shari'a ta yi wa rangwame. Wanda aka amince ya yi, ya buɗe baki da ruwa da dabino da kunu, ya jinkirta babban abinci, domin faranti cike da soye-soye a kan cikin da ya yini babu komai yana matsa wa matsarmama da fankiriyas lamba. Haka ma naman layya, a ci kaɗan, marar kitse, dafaffe ko gasasshe.

Maganar sammu ba na ganin amfanin ki yi musu da dangi a kanta, musamman iyayensa, domin ciwon da ke zuwa ya tafi ba tare da an faɗi dalilinsa ba dole mutane su nema masa dalili. Addu'a da sadaka babu mai hana su. Iyakar da za ki ja ita ce a kan abin da za a zuba a cikinsa wanda ba a san haɗinsa ba, da kuma ɗauke shi zuwa wani gari a lokacin da ciwon ya tashi. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ki gayyaci wanda ake jin maganarsa a gidan, yayansa ko kawunsa, ya raka ku asibiti ya ga hoton da idonsa, ya ji bayani daga likita. Daga ranar shi zai riƙa amsa tambayoyin dangi, ke kuma ki huta da zama wadda ake cewa ta hana a nema wa ɗansu magani.

Gajiyar da kika ambata ba rashin haƙuri ba ce. Kwana a kan tabarma a barandar asibiti, da neman kuɗin gwaji, da kula da yara, da zaman ɗar-ɗar duk lokacin da ya dafe ciki, suna cin mutum. Ki raba kwanan jinya da 'yan'uwansa tun yanzu da yake lafiya, a san wa zai kawo mota da dare, wa zai zauna da yara, a kuma riƙa ajiye wani abu duk wata ko a yi rajistar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya. Shi ma ki lura da shi, domin ciwo mai dawowa yakan sa namiji ya yi shiru, ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya janye daga mutane saboda yana ganin ya kasa ɗaukar nauyin gidansa. Idan rashin barci da ƙuncin rai suka wuce makonni biyu, a gare shi ko a gare ki, a faɗa wa likita, domin damuwa tana ƙara zafin ciwo kuma ana maganinta. Sannan kada ki zama mai gadinsa a kan kowace loma. Ki bar shi ya riƙe littafin nan da hannunsa wani lokaci, ya yi wa likita tambayoyin da kansa.

A zuwanku na gaba, ki buɗe fayil ɗin ki tambayi likita kai tsaye ko an sake sikanin ɗin matsarmama bayan ciwon ya lafa, ko an auna kitsen jini da kalshiyam a ranar farko ta kwanciya, ko an yi hoton CT, da kuma abin da shi yake zargin yana tayar da kumburin. Idan amsar ɗaya daga ciki ita ce ba a yi ba, daga nan za a fara.